Ƙugiyar da Na Sa wa Sunan Ɗanbaƙo

Shekaranjiya ɗiyar maƙwabciyata ta zauna bisa tabarmata tana latsa waya da manyan yatsunta biyu, ta ce mini wai aikin sakatariya ai ya mutu, yanzu ko yaron goye ya iya rubutu a inji. Na ce mata to. Na ci gaba da tsince shinkafata. Amma maganar ta tsaya mini, don shekara goma sha huɗu na yi ina wannan aikin a nan Gaya kafin in dawo cikin gida, kuma na san abin da harafi guda ke iya yi wa mutane. Ita da ire-irenta nake wa wannan rubutun.

Takardar farko da na buga a rayuwata ta kamiyon shinkafa ce. Lokacin ban jima da samun birebe, takardar gama kwaleji, ba, kawuna ya kai ni wani kamfanin transi da ke kusa da gada, irin masu shirya wa ƴan kasuwa takardun duwan, wato kwastan, kafin kaya su ƙetare zuwa Malanbil ko su shigo daga Kwatanu. Wanda ya koya mini wani dattijo ne ɗan Benin, Mushe Kwajo. Mashin ɗinsa na buga takardu na ƙarfe ne, sai ka danna da ƙarfi. Ana jera takarda huɗu da karbon uku a tsakani, a daidaita bakinsu a kan tebur, a saka. Na buga lambar motar, na sa bakwai inda ya kamata in sa ɗaya. Ya ɗauki takardun huɗu, ya yage su a gabana, ya ce in sake. Na ce ai lamba guda ce, Mushe, a shafe mana. Ya ce in tafi in faɗa wa jami'in duwan haka, in ya yarda shi ma ya yarda. Wata uku ya yi yana rufe mini hannu da ƙyalle don kada in dubi haruffa. Har yau in na rufe ido yatsuna sun san inda A take a kilabiye, wato jerin haruffan mashin, na Faransanci, can sama a hagu.

Abu ɗaya ne na zo da shi wanda Mushe Kwajo bai sani ba. Ni lakwal ɗin da na fara, wato firamare, da Hausa aka koya mana karatu shekarun farko kafin Faransanci. Malaminmu bai yarda da wasa ba a kan haruffa masu ƙugiya: ƙ, ɗ, ɓ, ƴ. Yakan ce wanda ya rubuta kafa yana nufin ƙafa, ya yanke wa kansa ƙafar. To mashin ba shi da su. In wata tsohuwa ta zo in buga mata wasiƙa zuwa ga ɗanta a Kwatanu, sai in buga k da d, in gama in ɗauki biro in yi musu ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Takardun aiki kuwa ba a taɓa su. Can sunan mutum yadda yake a katinsa haka ake sa shi, da rubutun Faransanci, ko da ya koma wani abu da uwarsa ba za ta gane ba.

Masu zuwa wurinmu ba mutanen haƙuri ba ne, kuma ban ga laifinsu ba. Direban da ya kwana uku a hanya, ya ajiye mota a rana, yana tsaye a kanki da warin man gazuwal, yana tambaya kowane minti biyar, “Madam, ta fito?” Mai albasa ya fi kowa tashin hankali, don kayansa ba sa jira. Mai motocin hannu yana iya yin mako yana shan shayi. Na koyi karanta fuska tun daga ƙofa, in san wa zan fara sallama, wa zan ba kujera da ruwan sanyi.

Da ordinatar, wato kwamfuta, ta zo, ni aka fara zaunarwa gabanta. Daga baya babban biro, wato ofishinmu na Yamai, ya aiko da wani inji baƙi, tsayinsa ya kai ƙugu, aka sa shi a ɗakin ajiya, aka saka masa kilim shi kaɗai, mu kuwa muna fama da fanka. Sunansa sarber. Shi ke karɓar mel ɗinmu, wato saƙonnin da ake aiko mana ta ordinatar, ya rarraba. A cikinsa akwai abin da ake kira anuwer, wato jerin sunayen duk ma'aikatan kamfani da adireshin kowa. Akwai irinsa a Yamai. Kowace sa'a injinan biyu suna gaisawa ta waya, na Gaya ya faɗa wa na Yamai abin da ya canza a jerinsa, na Yamai ya kwafa, shi ma ya faɗi nasa. In jerin biyu suka yi daidai, saƙo ya san inda za shi. Wannan shi ne iyakar abin da aka gaya mana, ni ma ban tambayi ƙari ba.

Bibata ta zo bayan injin da kamar shekara. Ƴar Tunuga ce, ɗiyar masunta, Dandanci ne harshenta, ta yi karatun sakatariya a Yamai ta dawo da takarda mai hatimi. Na girme ta da shekara tara. Tana ce mini Yaya Hajo. Ba zan yi mata ƙarya ba, yarinya ce mai ladabi, ba ta taɓa zama ina tsaye ba. Sai dai hannunta. Ni da nake ganin babu mai saurina daga nan har Doso, sai na ji kilabiye na zuba a bayana kamar ruwan sama bisa kwano. Faransancinta kuma irin na rediyo. Shef Idi, shugaban reshenmu, yakan ɗaga wasiƙar da ta buga ya nuna wa baƙi, ya ce ku dubi yadda ta sa wa Aïssa ɗigonta biyu, ku dubi wutsiyar ç. Ni shekara nawa ina sa wa ç wutsiya, babu wanda ya taɓa ɗaga takardata sama.

Sannan aka ba ta modepas, wato kalmar sirrin buɗe anuwer. Ita kaɗai. Shef ya ce Yamai ta ce mutum guda, kuma wanda ya yi karatun abin. Na ce Allah ya sanya albarka. Da bakina na faɗa, an kuma ji ni.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ita ce muguwar shekararmu. Damina ba ta yi kyau ba, gero ya yi tsada, mutanen ƙauyukan Yelu suna shigowa gari neman aikin da babu. Ƴan kasuwa suka ja baya suna jiran su ga inda ƙasa za ta nufa. Motocin da ke cika filin gada suka ragu. Wata safiya Shef Idi ya kira mu mu biyu, ya rufe ƙofa, ya ce babban biro ya yanke cewa reshen Gaya sakatariya guda zai riƙe, ƙarshen wata zai aika da suna. Ya ce shi bai zaɓa ba tukuna. Muka fito, kowa ta koma teburinta, tebur biyu suna duban juna, kujera ɗaya ce za ta rage.

A wannan watan ne Yamai ta sake tsari. Takardar izinin fitar da kaya, wadda sai da ita dekalaran, ma'aikacinmu mai bin takardun kaya, zai shiga duwan, ba za a ƙara aiko ta a adireshin reshe ba. Kowane dekalaran za a buɗe masa nasa da sunansa, a rufe tsohon. Bibata ce za ta shigar da su.

Ranar Litinin da hantsi tana cikin shigarwa, Ɗanbaƙo ya shigo. Shi ne babban dekalaranmu, mutumin Dogondutsi, baƙi dogo mai yawan barkwanci, shekara ashirin yana bin takarda tsakanin biro da gada. Ya leƙa ekaran, wato allon ordinatar, ta bayan kafaɗarta.

“Ke ƴar masunta, wane ne wannan?”

“Kai ne mana, Baba. Dan Bako Maazou.”

“Ni? Wa ya raɗa mini? Ce Baƙo.”

“Bako.”

“Ba-ƙo. Daga maƙogwaro, kamar ƙayar kifi ta tsaya miki. Ai kin san ƙayar kifi.”

“Bako,” ta sake cewa tana dariya. “Baba, Hausa naku yana da wuya. Ni na kasuwa na iya. In ka zo Tunuga ni ma zan sa ka faɗi namu, mu ga.”

“Allah ya kiyaye, in nutse a kogi in nutse a magana?” Ya juyo wurina. “Hajara, ke da kika yi lakwal ɗin Hausa, kina zaune ana kashe mini suna?”

Na ce injin Nasara ne, ba shi da harafinka. Ya ce to Allah ya isa tsakaninsa da injin, ya fita.

Amma na san ba gaskiya na faɗa ba. Watanni kafin nan, ina laluben wani abu dabam, na faɗa wani akwati a cikin ordinatar inda aka tara haruffan duniya, na Larabci, na Girkanci, da waɗanda ban san masu su ba. Can ƙasa, bayan an gangara an gangara, na ga ƙ tana zaune da ƙugiyarta. Ga ɗ, ga ɓ, ga ƴ. Ranar kamar na haɗu da ƴan garinmu a tashar wata ƙasa. Ban faɗa wa kowa ba.

Da aka kira azahar Bibata ta ɗauki buta ta fita, ta bar anuwer a buɗe. Ni ina fashin salla a ranar. Shef ya tafi cin abinci. Na tashi na zauna a kujerarta. Na gyara Ɗanbaƙo, na ba shi Ɗ babba da ƙ, na mayar da Ma'azu yadda ake faɗinsa. Na ga ya yi kyau, sai na bi sauran sunayen Hausawa da ke jerin, Ɗantani da wasu biyar. Abin da ke raina shi ne gobe Ɗanbaƙo ya gani ya yi shewa, Shef ya fito ya tambaya, in ce ni ce, ita ba ta ma jin bambancin. Minti goma bai cika ba na koma wurina.

Talata babu izini ko ɗaya da ya shigo. Bibata ta kira Yamai, suka ce sun aika, saƙon na dawo musu, wai injinsu bai san mutanen nan ba. Ta ce ta shigar da su tun jiya. Suka ce su ba su ga komai ba. Ta kashe, ta kunna, ta duba wayoyin bayan inji. Laraba haka. Tsohon adireshi an riga an rufe shi daga can, mai buɗewa kuma ya tafi ta'aziyya. Injin fakas ɗinmu ya shekara da mutuwa. Aka koma aiko da takardu ta kar, motar fasinja, su taso yau su iso gobe, rabi a cakuɗe da na wani reshe.

Lokacin zafi ne, kuma lokacin albasa. Kamiyo biyar na wani Alhaji suna tsaye a filin gada, buhunan suna gumi. Ranar Laraba da la'asar warin ya fara isowa har biro. Direbobin suka cika baranda. Ɗaya daga cikinsu, tsoho mai furfura, bai yi faɗa ba, ya dai ɗauko albasa guda ya ajiye bisa teburin Bibata, ya danna ta da yatsa, ruwa ya fito. Ya ce, “Ɗiyata, duba.” Ya fita.

Wallahi a kwana biyun nan ban san ni ce ba. Ko kusa ban haɗa abin da ƙugiyoyina ba. Abin da na sani shi ne mai takarda da hatimi tana zufa, gyalenta ya zame ba ta ma sani ba, Shef yana shiga yana fita yana tsaki. Ni kuwa na ɗauko tsohon mashin na Mushe Kwajo daga saman kabad, na share ƙura, ina buga wa direbobi abin da za a iya bugawa da hannu, ina ba su ruwa. Shef ya wuce ya ce, “Tsohon hannu dabam ne.” Na sunkuyar da kai. Ranar na ci tuwo da yawa.

Alhamis da safe Mushe Abdu ya sauka daga kar, shi ne mai kula da injinan kamfani, siriri mai tabarau, ba ya son magana. Ya shiga ɗakin sanyi ya zauna a kan kwali. Wajen sha ɗaya ya kira mu duka. A ekaran akwai rubutu fari bisa baƙi, layi ɗaya yana maimaita kansa daga sama har ƙasa, kowace sa'a tun Litinin ƙarfe biyu. Ya sa yatsa. Na ga ɗan akwati mai kusurwa huɗu, sannan anba, sannan wani akwatin, sannan o.

Nan take na gane ƙugiyoyina ne.

“Ga shi nan,” ya ce. “Injin Yamai tsoho ne. Ya san é, ya san ç, ya san ï, don waɗanda suka ƙera shi sun san da zamansu. Wannan bai taɓa ganinsa ba. Duk sa'a na nan ya miƙa masa jeri, ya karanta, ya zo kan sunan nan ya tsaya.”

Shef ya ce, “To ya tsallake shi mana, ya ɗauki sauran.”

“Ba ya tsallakewa. Ka taɓa ganin kamiyo ya mutu a tsakiyar gadarku? Wa ke wucewa?”

Ɗanbaƙo ya matso ya ƙura ido. “Kai, wai ni ne na tare hanya? Ni da ban taɓa injin ba?”

Babu wanda ya yi dariya. Mushe Abdu ya ce inji na rubuta wanda ya taɓa jeri da lokacin. Ya danna. Sunan Bibata ya fito, Litinin, ɗaya da rabi da minti shida.

Abin da Shef Idi ya faɗa mata ba zan maimaita duka ba. Ya ce an ba ta amana ta yi wasa da ita, ya ce albasar mutane ta ruɓe a kan kwalliya, ya ce ta sauƙaƙa masa zaɓi. Ina tsaye a bayansu, bayana jingine da ƙofa, sanyin kilim na dukan wuyana. Kujerar ta zama tawa. Ba sai na yi komai ba, sai dai in ci gaba da tsayuwa.

Mushe Abdu ya ce, “Madamazel, ta ina kika samo harafin nan? Ni kaina sai na nema.”

Bibata ta dubi ekaran, ta daɗe. Ta san ƙarfe ɗaya da rabi tana kan sallaya. Ta san wa ta bari a biro. Ba ta waiwayo ba. Ta ce, “Mushe, modepas nawa ne. Ni ya bar shi buɗe. Laifi nawa ne.”

Da ta nuna ni da yatsa, ina jin da na yi gardama. Da na ce ina shaida, da na ce yarinya ta rasa abin faɗi. Na shirya wannan a bakina. Abin da ban shirya masa ba shi ne ta fi ni har a nan ma. Ga sauri, ga Faransanci, ga takarda, yanzu kuma ga wannan, a gabana, ni da ke zuwa islamiyya Asabar da Lahadi.

Na ce, “Shef, ba ita ba ce. Ko ƙ da k ba ta rarrabewa.”

Haka ya fito. Ko gaskiyar ma sai da na soka mata wani abu a ciki. Allah ya yafe mini.

Ɗanbaƙo ya cire hula ya shafa kai, ya ce, “Hajara, ni wasa nake.” Na ce na sani, Baba.

Mushe Abdu ya tashi daga kwalin ya ce in zauna, tunda ni na san sunayen da na taɓa. Na zauna. Na goge Ɗ na sa D, na goge ƙ na sa k, na mayar da Ma'azu Maazou, suna bakwai, ɗaya bayan ɗaya, suna tsaye a kaina. Ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, rubutunki daidai ne Madam, injin ne bai yi karatu ba. Na tashi na ba shi wuri. Ya danna wani abu, muka jira. Kafin a kira azahar izini suka fara zubowa, na kwana uku gaba ɗaya, Bibata na bugawa tana miƙawa, Ɗanbaƙo na gudu zuwa gada da su a hammata. Kamiyo huɗu suka ƙetare a ranar. Na biyar sai da aka sauke shi aka zazzage buhuna a ƙasa, mata suka zo suna tsince mai kyau. Ta nan hanyata ta gida take. Tsohon direban yana zaune bisa taya, ya ce mini, “Sannu Madam, Allah ya saka, ke ce kika ba mu ruwa.” Bai sani ba. Ban iya faɗa masa ba.

Shef bai yi mini faɗa ba, wannan ma ya fi mini zafi. Ƙarshen wata ya kira ni ya ce na san yadda abin yake. Na ce na sani. Ya ce da na yi shiru da ya aika da sunana. Na ce wannan ma na sani.

Ranar ƙarshe na kwashe kofina da sallayata da man shafawa daga aljihun tebur, na miƙa wa Bibata mabuɗi. Ta riƙe hannuna da nata biyu, idonta ya kawo ruwa. Ta ce in yafe mata. Ita ke neman gafarata. Na ce babu komai tsakaninmu sai alheri, kuma har zuciyata na so ya zama haka. Na kai ƙofa ta ce, “Yaya Hajo, don Allah, kafin ki tafi. Harafi ɗin nan mai ƙugiya, ina ne yake ɓoye? Ina so in rubuta wa Baba sunansa a takarda in ba shi.”

Ordinatar na kunne, taku uku ne tsakanina da ita, kuma babu abin da zan yi da sirrin a gida. Na gyara lulluɓina na ce mata rana ta yi, yara na jirana, gobe in na shigo gari.

Tana Yamai yanzu, ana ce mata Madam, duk sallah sai ta aiko mini da atamfa. Na yi istigfari a kan abubuwa da yawa na wannan shekarar. Goben dai ban je ba.